Sharhi kan fitowar FIFA 21 a PlayStation 5

Na karanta labarinku kan fitowar FIFA 21, wasan bidiyo na ƙwallon ƙafa, a na'urorin wasa na PlayStation 5 da Xbox Series X a watan Disamba na 2020, kuma na yarda cewa wasan yana buɗewa da sauri, har maɓallin gudu na PlayStation 5 yana ƙara tauri idan ɗan ƙwallon da ke cikin wasan ya gaji. Sai dai a nan Katsina yawancin matasanmu a shagunan haya suke bugawa, inda mai shago ke fama da kuɗin man janareta kullum. Shi ya sa na yaba wa kamfanin EA Sports da ya bai wa wanda ya sayi wasan a PlayStation 4 damar sauke na PlayStation 5 a kyauta, domin sayen na'urar kaɗai ma ba ƙaramin nauyi ba ne gare su.