Tambayar da tsoho ya yi mini a bakin fili

Ranar wata Lahadi cikin watan Oktoba wani tsoho ya yi mini tambayar da har yau ta hana ni sakat. Muna jingine da ƙarfen da ya kewaye fili, a wani ƙaramin gari na gundumar Tipperary a nan ƙasar Ayalan, ana irin yayyafin nan nasu mai ratsa ƙashi. Wasan ƙarshe ake yi na gasar hurling ta gunduma, ajin juniya, kuma ƙungiyar ƙauyen da muke zaune ce ta kai. Ɗana ne ya nace sai mun je, don yana cikin yaran da ake koya wa wasan duk ranar Asabar.

Wanda bai taɓa gani ba, mutum 15 ne kowane ɓangare, kowa riƙe da sanda mai faɗin baki kamar muciyar da aka daɓe. Ƙwallon bai kai lemun zaƙi girma ba, ga tauri, an ɗinke shi da fata. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba, tsawonsa yakan kai mita 145. Ƙarafan raga sun miƙe sama. In ka cilla ta tsakaninsu ta sama, maki 1 ne, sai wani mai farin kwat ya ɗaga farar tuta. In ka zura a raga, maki 3, sai ya ɗaga koriya. Taku huɗu kaɗai aka yarda ka yi da ƙwallo a hannu, in za ka ci gaba da gudu sai ka ɗora shi a bakin sanda, ana binka ana kai maka duka. Tun 2010 aka tilasta wa kowa hular kwano mai waya a fuska, kuma da ka ji ƙarar sanduna biyu sun haɗu a sama za ka san dalili.

Da na ji an ce juniya na zaci yara ne. Ashe mataki na uku ne, ƙasa da na manya da na tsakiya. Mai tsaron ragarmu furfura ta fara fito masa, shi ne ya taɓa gyara mana famfo. Akwai malamin firamare a gaba, akwai manoma biyu da suka yi tatsar shanu da asuba kafin su sa riga. Ko sisi ba a biyansu. Ƙungiyar da ke kula da wasan, GAA, an kafa ta a 1884 a garin Thurles na wannan gunduma, kuma har waɗanda ke cika filin Croke Park na Dublin, mai cin mutum sama da dubu 82, ba su da albashi. Inda ka tashi nan kake buga wa. Waɗanda suka ci kofin gunduma su wuce na lardin Munster, in abin ya yi kyau su tsinci kansu a Croke Park a watan Janairu, 'yan ƙauyen da ko banki babu.

Lokacin hutun rabin lokaci tsohon ya miƙo mini shayi a murfin filas ya ce, "Ɗana, kai a can gida wa kake bi?" Na ce, "Arsenal, Baba." Ya girgiza kai. "Wannan ai ta mutanen Landan ce. Ta wajenku nake tambaya, wadda mahaifinka ya buga wa." Babu izgili a muryarsa, so yake kawai ya sani. Na ce Kano Pillars, amma a raina na san ba ita yake nufi ba. Unguwa yake tambaya, ni kuwa ba ni da amsa.

A hanyar gida na yi ta musu da shi a zuciyata. Mu ma ai muna da namu. Wanda ya ga dambe da kalangu na tashi, Kudu da Arewa da Guramada sun ja daga, ba zai ce sanda ta fi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar duk shekara ƙasa takan tsaya cik saboda takobin kokawa. Kuma su nan suna da wuta da tituna da kwanciyar hankali, mai neman na tuwon dare ba ya da lokacin yanka ciyawar fili kyauta. Sannan ba komai nasu ne abin so ba. Bayan wasa mashaya ake wucewa, nan ni nake juyawa, kuma ko shekara ashirin ka yi a ƙauyen sunanka baƙo.

Duk da haka gaskiyar ita ce sun riƙe nasu, mu mun saki namu. Ba kuɗi ne ya riƙe musu ba, don filin nan da karo-karo da ƙuri'ar mako-mako ake kula da shi, mata ke wanke riguna, tsofaffin 'yan wasa ke ja layi da farar ƙasa. In ɗan ƙungiya ya rasu, abokan wasansa kan jeru a bakin titi cikin rigarsu su raka gawa. Mu kuwa yaro ya san 'yan bencin Chelsea ɗaya bayan ɗaya, ana doke-doke a gidan kallo kan garuruwan da ba su san da zamanmu ba, amma a ce wa ya fi iya langa a unguwa, sai a yi maka dariya. Filin da muka tashi muna wasa a bayan firamarenmu, inda muka yi langa da ƙwallon tsumma har a kira magariba, an yanka shi filoti-filoti. Da na je gida na ƙarshe shaguna na tarar. Babu wanda ya ɗaga murya, har ni, don ina nan ina aika kuɗi ina ganin na sauke nauyi.

Da ratar maki ɗaya aka ci wasan. Da dare aka hura wuta a mararrabar shiga ƙauye, motoci na ta ham, mai gyaran famfo yana ɗaga kofi yana kuka. Cikin makon aka kai kofin makarantarsu ɗana, kowane yaro ya taɓa. Ya dawo gida da gudu, ko jaka bai ajiye ba, yana cewa, "Abba, mun ci! Mu ne zakaru!" Da Turanci ya faɗa, kuma wannan "mu" ɗin ba Kano yake nufi ba. Na rungume shi don na yi masa murna har zuciya. Sandarsa a gefen katifa take kwana yanzu.

Jiya ya tambaye ni ko in mun je hutu zan nuna masa filin da na yi wasa ina yaro. Na ce masa in Allah ya kai mu.