Me ya sa masana'antu ke gudun sitacinmu alhali rogo ya yi mana yawa?

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, kuma ita ce kan gaba a doya da gwaza. Amma in ana maganar sitacin rogo a kasuwar duniya, sunan Tailan ake ji, ƙasar da rogonta bai kai namu yawa ba. Masu yin kwali da magani da dunƙulen miya a nan gida, da yawansu har yanzu sitacin masara na waje suke saye. An saba ɗora laifin a kan rashin wuta da ƙarancin jari, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai dalilin da ba a cika faɗa ba. Mai masana'anta halin sitaci yake biya wa kuɗi: yadda zai yi kauri, yadda zai gudana a bututu, da yadda zai kama jikinsa in ya huce. Mu kuwa farinsa muke talla, muna aunawa da mudu.

Sitaci ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa narkewa a ruwan sanyi. Sai ruwa ya ɗau zafi suke sha su kumbura, shi ne kaurin da ake gani. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadari iri biyu, amilos mai miƙaƙƙen jiki da amilofektin mai rassa. Amilos ne ke sake haɗuwa da ɗan'uwansa in abu ya huce, ya sandarar da shi, kamar yadda tuwon dare ke wayar gari da tauri. Yawan amilos da girman ƙwaya su ne suka raba sitacin rogo da na doya da na dankali da na gwaza.

Na rogo yana fara kumbura tsakanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyas. Nan da nan yake kauri, ya yi garau, ya yi danƙo mai jan zare. Amilos ɗinsa kusan kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari ne, na masara kuwa ya kan kai 25 zuwa 28, shi ya sa ko ya huce ba ya daskarewa sosai, ba ya kuma saurin tsatso ruwa. Wannan garau ɗin ne ya sa masu wankin hula da masu guga ke son sa, don ba ya barin fari-fari a kan shadda mai duhu. Rauninsa kuma a bayyane yake. In aka ci gaba da juya shi a kan wuta bayan ya kai ƙarshen kaurinsa, ƙwayoyin sai su fashe, ya tsinke, kuma ba ya dawowa. Tsami yana ƙara hanzarta tsinkewar. Duk mai haɗa shi da tsamiya ko lemon tsami, ya bari sai an sauke tukunna.

Na doya jinkiri gare shi, sai zafi ya haura digiri 70 yake motsi. Amma in ya kama, yana jure wuta da juyi, ya huce ya daskare har a yanka da wuƙa. In ya kwana a firji sai ya tsatso ruwa. A ganina batun sitacin doya na ɗakin bincike ne kawai, don babu mai hankalin da zai gurje doya a farashinta na yau ya sayar da ita a matsayin sitaci. Na dankalin Hausa yana tsakiya, yana daskarewa da ɗan danƙo, da shi ake taliya mai sheƙi a Sin da Koriya. Na gwaza ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, mikron 1 zuwa 5 (mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ga yauƙi a jikin saiwar, don haka ba ya kwantawa da wuri a tanki, mai gaggawa sai ya zubar da rabinsa tare da ruwa.

Inda muke ɓata namu shi ne tsakanin gona da buhu. Rogo yana fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku da tonowa, ya kamata a fere, a wanke, a gurza cikin yini guda. Bayan an tace, da zarar ya kwanta a tsiyaye ruwan. Barin sa kwana biyu ko uku a tanki yana sa ya yi tsami, tsamin kuma yana yanka sinadaran, kauri ya ragu tun kafin ya ga wuta. A Birazil da gangan suke tsamar da shi su shanya a rana don wani burodinsu mai kumbura, amma da sunansa daban suke sayarwa. Ruwa ko injin da ke da tsatsa yana haɗuwa da gubar rogo ya dusashe farin. Wajen busarwa kuma, jiƙaƙƙen sitaci in ya taɓa zafin digiri 60 ya fara dahuwa ke nan, sai ya yi gudaji masu tauri. A riƙe shi ƙasa da 50 har danshi ya sauka zuwa kashi 12 ko 13. Har irin rogon da lokacin tono suna sauya hali, ga kuma ɗabi'ar cakuɗa irin rogon da ake kira TME 419 da duk abin da aka samu a kasuwa a tanki ɗaya.

Za a ce ƙaramin mai sarrafawa ba shi da kuɗin na'urar RVA, wadda ke auna kauri cikin minti 13 da giram 3 na sitaci. Haka ne, amma akwai gwajin da sikeli da ma'aunin zafi sun isa. A dama giram 6 cikin ruwan sanyi mililita 100, a ɗora a wuta ana juyawa, a rubuta zafin da ya fara kauri. A kai shi 90, a riƙe minti goma, a ga ko ya tsinke. A juye a kofi ya kwana, da safe a duba daskarewa da ruwan da ya tsatso. Buhun da ya saɓa wa na jiya, a ware shi.

Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan da ta binciken saiwoyi da ke Umudike a jihar Abiya suna da masana da kayan awo. Abin da ya kamata ƙungiyoyin masu sarrafa rogo su nema a wurinsu shi ne awo mai rahusa a kai a kai, da takarda a jikin kowane buhu mai ɗauke da irin saiwa, ranar tono, danshi, tsami da ƙarshen kauri. Mai yin gam na kwali da mai yin ƙwayar magani ba lamba ɗaya suke nema ba, kowannensu kuma zai karanta takardar kafin ya tambayi farashi.