Ba kowace shanyewar ɓarin jiki ce shafar aljanu ba

Da an tayar da maganar shaye-shaye sai hankalinmu ya tafi kan 'yan daba da yaran lungu. Ni kuwa magidanta ne suka fi tsaya mini a rai: direban da ke kwana a hanya, ɗan kasuwa mai rufin asiri, uwar 'ya'yan da ke sha a ƙuryar ɗaki. Binciken 2018 na UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, da ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ai daga ɗan shekara 15 har mai 64 ya ƙirga.

Ga yadda shaye-shaye ke jawo shanyewar ɓarin jiki: jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sirara ne, wasu ba su kai kaurin gashi ba. Hodar iblis da ais (ƙwayar methamphetamine mai kama da ƙanƙara) suna sa jini ya hau cikin 'yan mintuna, su kuma tsuke jijiyar. To ga mutum ɗan shekara 45, hawan jini ya daɗe yana cinsa bai taɓa aunawa ba. Ko dai jijiya ta fashe jini ya malala a ƙwaƙwalwa, ko ta toshe wani sashe ya mutu. Masu tsira wa kansu allura kuma, ƙwayar cuta kan bi allurar ta sauka a zuciya, wani gutsure ya ɓalle ya je ya toshe jijiya a ka. Tramadol da kodin tasu ɓarnar daban ce, numfashi suke danne wa har ƙwaƙwalwa ta rasa iska.

Sai a wayi gari baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Nan take a ce jifa ne, a kwana ana hayaƙi. Wallahi ba addu'a nake hanawa ba, a yi ta a mota ana tafiya asibiti. Allurar narkar da gudan jini ba ta wuce awa 4 da rabi daga farawar ciwon, kuma sai an ɗauki hoton kai an tabbatar ba fashewa ba ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaban likita. Ya tambaya, "Yana shan wani abu?" Matar ta sunkuyar da kai, ƙanin ya yi caraf: "Haba likita, Yaya ko goro ba ya ci." Alhali kowa a gidan ya san abin da ke aljihun rigarsa, kuma da wannan amsar likita zai zaɓi maganin saukar da jinin da zai ba shi. In kunya ce, ku ja likitan gefe ku faɗa masa sunan abin da lokacin da ya sha na ƙarshe.