Ranar da na yi wa surukina ruwan bam

Wallahi shisshigi ne ya ja min. Yarona ya dawo daga makaranta wai an ce kowa ya haɗo wani abu na tarihin Kano da kwali, na ce kai bar su da su ganuwa da Dala, mu jirgin sama za mu yi. Jiragen da suka fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila, tun daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, wani Arthur Coningham ne jagoransu. Kuma fa ba na fasinja ba ne, na jefa bam ne, fiffike biyu wani kan wani, mutum biyu kacal yake ɗauka, direba a gaba mai bindiga a baya, kawunansu a waje iska na ta marinsu.

Ina jin cewa katako ne aka lulluɓe da yadi sai kaina ya kumbura, na ce ashe ma aikin kafinta da tela ne. Na samo kwalin taliya da tsinken tsire da gam, na ga wani ƙyalle a kan keken ɗinkin maman yara na datsa, ashe hannun rigar ankon bikin ƙanwarta ne, wannan shari'ar daban ce har yau ba a yanke hukunci ba. Nasu injin Liberty ne mai ƙarfin doki 400, nawa robar ɗaure kuɗi.

Sai yaron nan ya ce Abba to ina bam ɗin? Na aike shi kicin ya ɗauko ɗanyen ƙwai, muka ɗaure a cikin jirgin da zare, na taka tsani na hau rufin ɗaki da girmana da furfurata na ce bismillah na wurga.

Jirgi ko taku biyu bai yi ba ya kife. Amma bam ɗin, tubarkalla, ko sojan Ingila sai haka, daidai lokacin surukina ya yi sallama cikin farar shadda, ƙwai ya sauka tsakiyar hularsa fash!

Na rasa abin yi, kawai sai na durƙusa a kan kwano ina Baba sannu da zuwa, Baba an zo lafiya. Ya shafo kwaiduwa daga gira ya ɗaga kai ya ce "Malam, wace ƙasa ce ta kawo harin?"

Yaron nan ko kunya babu ya ce "Ingila ce Kaka, amma Abba ne direban."