Nasiha Ga Masu Kula Da Zaurukan Jari: Tallar Kirifto Da Amanar Jama'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa mazauna Legas, musamman waɗanda Allah ya ɗora wa kula da zaurukan WhatsApp da Telegram na 'yan kasuwa, da na adashi, da na masu sayen hannun jari da sukuk, wannan nasiha taku ce, kuma tamu ce baki ɗaya.

Kowane zaure da dalilin buɗe shi. 'Yan gwari na Mile 12 suna sanar da juna farashin kwando da motocin da suka taso daga Arewa. Dillalan shanu da mahauta na Oko-Oba suna zubin adashi. Matasa a Agege da Idi-Araba suna koyon sayen hannun jari ta hannun dillali mai rajista. Ana cikin haka sai wani ya jefo hoton alat, da hoton mota, da linki, ya rubuta: "Ku shiga tun kafin a rufe, na gwada, wallahi yana biya." Masu kula da zaure su gani su kawar da kai, saboda ɗan garinsu ne, ko sahu ɗaya suke sallah. Wannan kawar da kai ba kunya ce mai kyau ba. Manzon Allah (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa abin tambaya ne a kan abin kiwonsa. Wanda ya tara mutum 200 a zaure, suka ba shi lambobinsu saboda sun yarda da shi, ya ɗauki kiwo.

Kada a ja maganar zuwa inda ba can take ba. Ba muna yanke hukunci a kan kirifto kansa, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ba ne. Malamai sun saɓa: tsohon Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta mu'amala da Bitcoin, majalisar malaman hukumar hannayen jari ta Malesiya kuma ta halatta cinikin irin waɗannan kadarori a kasuwanni masu rajista a 2020. A nan gida ma, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da harkar a Fabrairun 2021, ya ɗage hanin a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa. Mai son fatawa ya je wurin malaminsa. Abin da ke gabanmu ya fi wannan sauƙi: an kawo kaya inda ba wurinsu ba, kuma mai kawowa ya ɓoye la'adarsa.

Ku dubi linkin da kyau. A ƙarshensa za ku ga wasu haruffa ko lambobi da aka liƙa. Wannan shi ne hatimin mai turowa. Duk wanda ya yi rajista ta nan an rubuta shi a ƙarƙashinsa, kuma duk kuɗin da ya zuba akwai kason da ke tafiya wurinsa, wani lokaci har da kason waɗanda wancan zai jawo. Dillanci halal ne, kowa ya san dillali a kara da la'adarsa a fili. Amma wanda ya zo maka a rigar mai ba da shawara, yana cewa alheri yake nufinka da shi, alhali kanka yake ci, wannan algus ne, kuma hadisi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Da yawa daga masu turowar ba mugaye ba ne. An biya su sau ɗaya ko sau biyu, sun gaskata, sun rantse da zuciya ɗaya. Sai dai biyan farko ba shaida ba ne, da shi ake kamun sauran. Dandalin zuba kuɗi na MMM ya biya mutane kashi 30 cikin 100 a wata kafin ya daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. CBEX ta biya mutane, tana alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, kafin ta rushe a Afrilun 2025. Tsakanin su biyun shekara takwas da 'yan watanni ne, kuma mumini ba a sararsa sau biyu a rami ɗaya.

Lissafin ma ɗan firamare zai iya. Idan da gaske kuɗi na ninkuwa duk wata, naira 100,000 za ta zama 200,000, ta zama 400,000, ta zama 800,000, a wata na 12 ta haura naira miliyan 409. Wanda ke da irin wannan injin me zai kai shi roƙon mai sayar da albasa ya zuba dubu ashirin?

Akwai nau'i na biyu da ya fi wuyar ganewa, domin babu alkawarin riba a baki. Sabuwar kwandalar kirifto ce ƙarama da ba a san ta ba. Waɗanda suka ƙirƙire ta da abokansu sun riga sun riƙe mafi yawanta a kan araha. Kasuwarta ba ta da zurfi, saboda haka mutum hamsin kawai suka saya farashi zai yi tsalle. Sai a watsa ta a zauruka a lokaci guda, a ɗauki hoton yadda take hawa, a sake watsawa. Da ta kai inda suke so sai su zubar da nasu a kan waɗanda suka shigo a makare, cikin awa ɗaya ta koma ba ta sayen ko ruwan leda. Wasu ma tun asali an gina su ta yadda saye ke shiga amma sayarwa ba ta fita, kana kallon miliyan a fuskar waya, ba ka iya cire sisi. Shari'a ta san wannan tun kafin a san intanet. Annabi (SAW) ya hana najashi, wato a riƙa ɗaga farashin kaya ba don ana son saye ba, sai don a ruɗi mai saye na gaskiya. Ya kuma hana cinikin garari, wanda ba ka san haƙiƙanin abin da ka saya ba. Mai tura irin wannan talla, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne muryar da ake ɗaga farashin da ita.

To me mai kula da zaure zai yi? Tun ana zaman lafiya a rubuta ƙa'ida, gajeriya, a sa ta a bayanin zaure, a kuma maimaita ta duk lokacin da sababbi suka shigo: wannan zaure na kaza ne, ba a tallar kirifto ko wani dandalin zuba kuɗi, ba a tura linki mai la'ada, ba a bin 'yan zaure ta bayan fage da talla. Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Amfanin rubutawa tun da wuri shi ne ranar da za a goge saƙon wani babba, ba za a ce an ci masa fuska ba, ƙa'ida ce da ta riga shi.

In talla ta faɗo, a goge ta tukuna, magana ta biyo baya. WhatsApp ya ba mai kula damar goge saƙon kowa ga kowa, amma damar ta kusan kwana biyu ce kawai, kuma gaskiya minti goma ma ya yi yawa, domin wani ya riga ya tura wa matarsa da ƙaninsa. Shi ya sa zaure mai yawan jama'a bai kamata ya dogara da mutum ɗaya ba. A samu uku, a cikinsu har da wanda ba ya barci da wuri, don masu wannan sana'a sun fi son tsakar dare. In babu mai tsaro, a kulle zauren bayan isha'i ta yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu, a buɗe bayan asuba.

Daga nan a kira mai saƙon da murya, ba a rubuce ba. Sau da yawa ba shi ba ne. An kira shi an ce za a sa shi a wani taron addu'a ko tallafi, an karɓi lambobi shida da suka shigo wayarsa, an ƙwace WhatsApp ɗinsa, ɓarawo ne ke magana da sunansa da hotonsa. In haka ne, a fitar da lambar nan take, a sanar da jama'a kada kowa ya tura kuɗi, in ya dawo da layinsa ya sa lambar sirri ta mataki na biyu sannan a mayar da shi.

In kuwa shi ne, a yi masa nasiha tsakaninku, cikin mutunci, a ce: Malam, tambaya uku za mu yi maka. Wa ya ba su izinin karɓar kuɗin jama'a? Ribar daga wane ciniki take fitowa? Kai nawa kake samu in mun shiga? A ta farko za a nuna muku takardar CAC, wani lokaci har da ta SCUML. Ta CAC shaidar rajistar kamfani ce kawai, ta SCUML ta sa ido kan halatta kuɗin haram ce, babu wadda ta zama lasisin karɓar jari. Wannan na SEC ne, kuma ana iya duba sunan kamfani a shafin hukumar. A ta biyu za ku ji "na'ura ce ke yin cinikin da kanta". A ta uku galibi shiru ne. Ku tuna masa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, ku kuma sanar da shi dokar 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu gudanarwa da tallata tsarin a karɓi na baya a biya na gaba. Wanda ya ji ya daina, a rufa masa asiri. Wanda ya maimaita, a fitar da shi, a rubuta layi ɗaya cewa an fitar da wani saboda karya ƙa'ida, ba zagi, ba hotonsa. Sannan a sauya linkin shiga zauren, a kunna tantance sababbi, in ba haka ba gobe zai dawo da wani layin.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wurin masu kula da kansu. Wani ana tura masa 'yar dubu biyar ya bar talla ta kwana. Wannan cin amana ne, kuɗin kuma ba su da albarka. Wani ya bar muhawarar halal da haram ta ci kwana uku, ana ta ambaton sunan dandalin, ya zama ya yi musu tallar da ba su biya ba. Mafi muni, uwar adashi ko ma'ajin ƙungiya ya ɗauki zubin mutane ya saka, da niyyar ya ci riba ya mayar kafin ranar kwasa. Ko da ya dace ya mayar, ya taɓa amanar da ba a ba shi izini ba. In bai dace ba, ya haɗa bashi da zubewar mutuncin da ya yi shekaru yana ginawa a baƙon gari. Allah ya ce kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna, sai dai ya zama kasuwanci bisa yardar juna. Yardar da aka samo ta hanyar ɓoye gaskiya ba yarda ba ce.

Matasan da ke son koyon harkar da gaske kada a kore su da tsawa. A ce su buɗe nasu zauren, da wanda ya san abin, da nasu sharuɗɗan: ba linki mai la'ada, ba wanda zai nemi kalmomin sirri 12 ko 24 da ke buɗe lalitar kirifto ta wani, domin mai su shi ne mai kuɗin, ba kuma shiga da bashi ko jarin shago. A faɗa musu Bitcoin kanta, uwar tafiyar, ta sauko daga kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa ƙasa da 17,000 bayan shekara guda. A faɗa musu mai sayar da kirifto kai tsaye ga wani mutum yana iya karɓar kuɗin sata daga wanda bai sani ba, banki ya rufe masa asusu.

In kuma aikin gama ya gama, kuɗin wasu sun tafi, zaure ba wurin dariya ba ne. A jajanta, a yi musu addu'a Allah ya mayar da alheri. A gargaɗe su kada su ƙara ko kwabo da sunan kuɗin tantancewa ko kuɗin cirewa, kada kuma su saurari masu cewa za su ƙwato musu, domin zagaye na biyu ke nan na damfarar. Su tattara rasit, da lambobin asusun da suka tura wa, da hotunan hirarraki, su sanar da bankinsu a ranar, su kai ƙorafi a rubuce ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi. Shi kuma wanda ya kawo linkin, istigfari kaɗai bai wadatar ba, domin haƙƙin mutane ne. Ya zauna ya lissafa la'adar da ya ci a kan kowane mutum, ya mayar masa da ita ko da kaɗan-kaɗan ne, ya je da ƙafarsa ya nemi yafiya, ya kuma bi duk sauran zaurukan da ya tura tallar ya rubuta cewa ya janye ta.