Hukuncin sule ɗaya: a bar yaro ya faɗi yadda ya ji littafi

A watan Oktoban 1936 wani mai kamfanin buga littattafai a Landan, Stanley Unwin, ya miƙa wa ɗansa Rayner wani labari da ba a kai ga bugawa ba, ya ce ya karanta ya rubuto masa ra'ayinsa. Yaron shekararsa 10, ladan aikin kuma sule ɗaya. Labarin shi ne The Hobbit na J.R.R. Tolkien, farfesan tsohon Turanci a Jami'ar Oxford. Shi uban a ganinsa, in dai littafin yara ne, babu alƙalin da ya kai yaro.

Rahoton 'yan layuka ne, ga kuskuren rubutu nan da can. Ya ce Bilbo, jarumin labarin, ɗan zaman gida ne da ba ya son fita, har boka Gandalf da wadanninsa suka shawo kansa. Aka sha artabu a hanya, aka kai ga wani dutse, aka kashe dodon da ke gadinsa, Bilbo ya komo gida da arziki. Sai ya rufe da cewa littafin ya yi kyau, tunda akwai taswira ba ya bukatar zane, kuma zai yi wa yara 'yan shekara 5 zuwa 9 daɗi. Ranar 21 ga Satumban 1937 littafin ya fito, kwafi 1,500, kafin shekara ta ƙare an saye su kaf.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da babu a rahoton. Babu darasi. Da babba aka ba aikin, da ya cika shafi da maganar kwaɗayi: yadda zinariya ta juya kan Thorin, shugaban wadannin, har ya kori abokin tafiyarsa Bilbo, da yadda ya yi nadama a bakin mutuwa. Rayner ko kallon wajen bai yi ba. Shi dai an yi faɗa, an ci nasara, an dawo da dukiya. Alhali a labarin Bilbo bai ma karɓi kasonsa na ɗaya bisa sha huɗu na dukiyar da dodon ke gadi ba, 'yan akwatuna biyu ya ɗauko, ɗaya azurfa ɗaya zinariya. To, wa ya ce akwati biyu ba arziki ba ne a idon ɗan shekara 10?

A nan muke kuskure mu manya. Yaro ya gama littafi, ido na ƙyalli, yana ɗokin ba ka labarin wasan kacici-kacicin da aka yi cikin kogo mai duhu, inda in ka faɗi a cinye ka. Kafin ya buɗe baki sai ka tare shi: "To, me ka koya?" Nan take fuskar ta sauya. Ya sunkuyar da kai, ya lalubo abin da ya san kana so ka ji, ya ce ya koyi jarumta da haƙuri. Ka samu amsa, ra'ayin kuwa ya tafi. Gobe in ya ɗauki wani littafin, da shirin jarrabawa zai karanta shi.

Ba na cewa hukuncin yaro ba ya karkata. Rayner ya yi kuskure a wurare. Littafin ya fito da zanen Tolkien da kansa, kuma masu karatu sun so su. Iyakar shekara 9 da ya yanka ma abin dariya ce: ɗan shekara 10 ne ke nuna shi ya wuce wannan aji, ga shi har yau masu furfura na karanta littafin. Zoben da Bilbo ya tsinta kuwa, wanda daga baya aka gina wani katafaren labari a kansa, ko ambatonsa bai yi ba.

Amma tambayar da mai kamfanin ke bukatar amsarta ɗaya ce: yaro zai kai ƙarshen littafin nan ba tare da an tsaya a kansa ba? Wannan babba ba ya iya amsa ta, sai dai ya yi kirdado, don mu kunya da ganin girman marubuci sukan sa mu daure wa littafi marar daɗi. Yaro ba ya daurewa. In ya gundure shi, ajiyewa zai yi ya fita wasa.

Kuma Rayner ba ɗan amshin shata ba ne. A 1938 aka sake kawo masa babukan farko na ci gaban labarin. Ya ce ya ji daɗinsu, sai dai hirar ta yi yawa, tana ja wa labarin baya. Farfesan Oxford ya ji wannan ƙorafi daga bakin ɗan makaranta, ya kuma ambace shi a wasiƙar da ya aika wa kamfanin.