Idan karta ta juya maka baya

Hukuncin caca a addini kowa ya san shi, malamai sun gama magana. Amma tunda akwai samarin da ke raba dare suna buga poker, wato cacar karta, a waya, a teburan senti ɗaya da senti biyu na dala (kuɗin da ake zubawa dole kafin a raba kati ke nan), bari mu taɓa lissafin, musamman lokacin da aka jera kwanaki ana cinye mutum.

Da hasara ta yi yawa sai ka ji ana cewa an yi wa manhajar coge. Ba lallai ba ne. A Texas Hold'em, nau'in poker ɗin da ake raba wa kowa kati biyu sannan a buɗe biyar a tsakiya, babu katin farawa da ya kai katin A guda biyu, kuma a ƙiyasi sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221. To shi ɗin ma, in ya haɗu da K biyu aka zuba komai kafin a buɗe katin tsakiya, kusan sau ɗaya cikin biyar yake shan ƙasa. Kana iya buga daidai a kwashe maka kuɗi yau, a sake gobe.

Shi ya sa masu sana'ar suke cewa kada ka zauna sai kana da ninki 20 zuwa 30 na kuɗin zama, wato kuɗin da ake hawa tebur da su, a ajiye, in jarin ya zaizaye kuma ka sauka ƙaramin tebur. A teburin senti biyu cikakken zama dala 2 ne. Amma wanda yake can, ina zai sauka? Babu ƙasa da nan. Saukarsa ita ce ya kashe waya ya kwanta.

Abin da akasari ake yi akasin haka ne. Zuciya ta ɗau zafi, sai a haye teburin senti biyar da goma don a fanshe a zama ɗaya. Kuɗin zama ya ninka biyar, 'yan teburin sun fi iya wasa, ga barci a ido. Za ka gane mai yin haka: katin da ɗazu yake yarwa ba tunani, 9 da 6 masu bambancin fure, yanzu da su yake bin kowane zubi don kawai ya ga katin ƙarshe. Garin neman gira a rasa ido.

Sannan ga kamasho. Mai shafin yana yankar kusan 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a tsakiya. Akwai iyakar da ba ya wucewa, sai dai a ƙananan tebura da wuya a kai ta, don haka su ne suka fi jin yankan. Ko kun yi kunnen doki da abokan wasanka, kuɗinku na raguwa.

Kada wani ya kawo mini labarin Chris Moneymaker, akawun nan na Amurka da ya shiga ta gasar intanet ta ƙasa da dala ɗari, ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. A gasar ta Las Vegas mutum 839 suka zauna, kujera dala 10,000, mafi yawansu hannu rabbana suka tashi.

Shafuka masu lasisi suna da wurin ƙayyade kuɗin da za ka iya sakawa, da na rufe asusu na wasu kwanaki. Rage iyakar nan take yake aiki, ƙara ta kuwa sai ka jira. Da rana ake saita shi, lokacin da kai yake a sanyaye, ba ƙarfe biyun dare ba.